Matasa da Makamashin Rana a Jamhuriyar Nijar: Waiwaye Daga 1950 Zuwa Yau

1.0 Gabatarwa

Jamhuriyar Nijar na daga cikin ƙasashen da Allah ya hore wa hasken rana mai yawa. A mafi yawan sassanta rana takan haskaka na tsawon awa 7 zuwa 10 a kowace rana. Haka kuma ƙasa ce ta yara da matasa, domin kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 da haihuwa ba. Duk da haka, kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wutar lantarki a gidansa, kuma sama da gida tara cikin goma da itace ko gawayi ko kara suke girki.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin rawar da matasa suka taka wajen yayata makamashin rana da sauran makamashi mai tsabta a Nijar, da kuma irin gurbin da aka ba su a wajen tsara manufofin ƙasa. Za a nuna cewa akwai abubuwa uku da matashi ke bukata kafin maganarsa ta yi tasiri, wato ilimin abin da yake magana a kai, da ƙungiyar da za ta ɗauki muryarsa, da kujera a wurin da ake yanke shawara. Tarihin Nijar ya nuna cewa da wuya waɗannan ukun suka taɓa haɗuwa a lokaci guda.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar "makamashi" a asali tana nufin abin da ake hura wuta da shi, kamar itace da kara da kashin shanu. A Hausar zamani an faɗaɗa ma'anarta ta ƙunshi fetur da gas da kwal da lantarki. "Makamashi mai tsabta" shi ne wanda ba ya fitar da hayaƙin da ke cutar da mutane ko ɗumama duniya, kamar na rana da iska da ruwa. Ita kuwa lantarki, Hausawan ko'ina "wuta" suke ce mata, amma a Nijar akan ji "kuran", wadda aka aro daga Faransanci.

Dangane da "matashi" kuwa, Yarjejeniyar Matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ƙayyade shi da mai shekara 15 zuwa 35. Da wannan ma'auni za a yi amfani a nan.

3.0 Ɗaliban Afirka a Faransa da Abdu Mumuni (1950–1969)

Ba za a iya ba da tarihin makamashin rana a Nijar ba sai an fara da Farfesa Abdu Mumuni, wanda ake rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo a takardun Faransanci. An haife shi a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, sannan ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta yaye da yawa daga cikin ƴan bokon farko na Afirka ta Yamma rainon Faransa. Daga nan ya tafi Paris inda ya karanci kimiyyar fizik.

A 1950 ɗaliban Afirka da ke karatu a Faransa suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da FEANF. Abdu Mumuni, yana ɗan shekara 21, na cikin waɗanda suka kafa ta. Da farko ƙungiyar ta mai da hankali ne kan kuɗin tallafin karatu da masaukin ɗalibai, amma ba da jimawa ba ta zama dandalin neman ƴancin kai. A cikinta ne matasa suka riƙa muhawara kan irin ilimi da tattalin arzikin da ya kamata ƙasashensu su bi bayan tafiyar Turawa. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo, wato babbar gasar ɗaukar malamai a Faransa, ya zama ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya ci ta a fannin fizik. A 1957 kuma yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI mai neman ƴancin kai nan take.

Lokacin da Gine ta Seku Ture ta ƙi amincewa da tayin Janar De Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta daga ƙasar. Abdu Mumuni na cikin matasan malaman da suka tafi Konakiri domin cike gurbin. Daga 1962 zuwa 1964 ya yi bincike a Tarayyar Sobiyet, inda ya ƙware a kan makamashin rana.

Shekarar 1964 muhimmiya ce a rayuwarsa. A cikinta ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu na gado. A cikinta ne kuma ya buga maƙala a mujallar Présence Africaine a kan makamashin rana a ƙasashen Afirka. Waɗannan ayyuka biyu tushensu ɗaya ne: ƙasa ta fara gina kanta da abin da take da shi a hannu, ko harshe ne ko rana. Ga ɗalibin harshe wannan abin lura ne, domin mutumin da ya fi kowa suna a kimiyyar rana a Nijar shi ne kuma ya tsaya wa koyarwa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa.

Sai dai ba a Nijar ya fara aiwatar da tunaninsa ba. A Bamako ya zauna daga 1964, yana koyarwa a babbar makarantar horon malamai, kuma a can ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na Mali. A lokacin Modibo Keita mai ra'ayin gurguzu ke mulkin Mali, ita kuwa Nijar tana ƙarƙashin jam'iyya ɗaya ta Shugaba Jori Hamani, bayan haramta Sawaba a 1959. Sai a 1969 ya dawo gida, yana da shekara 40. Ke nan tunanin da ya tsiro a zauren ɗalibai sai da ya jira kusan shekara 20 kafin mai shi ya sami ofishi a ƙasarsa.

4.0 Zamanin ONERSOL

Gwamnatin Nijar ta kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, tun 1965, shekara biyar kacal bayan samun ƴancin kai. Abdu Mumuni ya shugabance shi daga 1969 zuwa 1985. A wannan tsakani ofishin ya ƙera na'urorin dafa ruwa, da na tace ruwa, da na busar da amfanin gona, da murhun madubi mai tattara hasken rana wuri guda. Ya kuma ƙera injin da ke aiki da zafin rana tare da haɗin gwiwar wani kamfanin Jamus. A shekarun 1970 an buɗe sashen ƙere-ƙere wanda ya riƙa fitar da na'urorin dafa ruwa domin sayarwa.

A gefe guda kuma, shirin koyarwa ta talabijin da Nijar ta fara a 1964 tare da taimakon Faransa ya gamu da matsalar rashin wuta a makarantu. A 1968 aka sanya faifan sola a wata makarantar firamare kusa da Yamai domin kunna talabijin, kuma ana lissafa wannan cikin gwaje-gwajen farko na irinsa a Afirka. Kafin ƙarshen 1977 makarantu sama da 100 sun sami irin wannan kayan aiki. Ashe ƴan lakwal na ƙauye na cikin mutanen farko a duniya da suka ci moriyar lantarkin rana a rayuwarsu ta yau da kullum.

Matasa sun shiga wannan aiki ne a matsayin ɗalibai da masu koyon sana'a. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka kuma naɗa Abdu Mumuni shugabanta a 1979. Ta haka ɗakin bincike da aji suka haɗu a hannun mutum ɗaya, aka sami rukunin farko na ƴan ƙasa masu ilimin rana. Amma manyan shawarwarin makamashi na wannan zamani sun bi wata hanya dabam. A 1976 aka ja layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai domin sayen lantarkin madatsar Kainji ta Nijeriya. A farkon shekarun 1980 kuma tashar kwal ta SONICHAR da ke Anu Araren ta fara ba ma'adinan yuraniyom na Arlit da garin Agadas wuta. Rana ta ci gaba da zama abin bincike, ba ta shiga sahun abin da ƙasa ta dogara da shi ba.

5.0 Samariya, Fari da Itacen Girki

Farin da ya addabi Sahel daga 1968 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa masu ɗimbin yawa, ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Jori. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka karɓi mulki ƙarƙashin Saini Kunce. Sabuwar gwamnati ta haramta jam'iyyu, ta nemi wata hanyar isa ga jama'a, sai ta farfaɗo da samariya. Samariya tsohuwar al'ada ce ta ƙasar Hausa, inda samarin gari kan haɗu ƙarƙashin sarkin samari su yi gayya da wasanni da tarbar baƙi. Kunce ya mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya, mai rassa daga unguwa zuwa ƙauye har zuwa Yamai.

Ta hannun samariya aka gina azuzuwa, aka share tituna, aka dasa itatuwa. A wannan zamani ne aka mai da ranar 3 ga Agusta, wato ranar tunawa da ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace. Dashen itace kuwa magana ce ta makamashi kai tsaye, tun da itace shi ne makamashin talaka. Farin 1984, wanda ya haifar da yunwar da mutanen Nijar ke kira El-Buhari, ya ƙara fito da matsalar fili. A watan Mayu na shekarar aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, wanda ya fitar da ƙudurorin da aka sani da Alƙawarin Maraɗi.

A shekarun 1980 ɗin ne kuma aka yayata ingantaccen murhu mai rage cin itace. Wanda ya fi shahara a birane shi ne murhun ƙarfe da aka raɗa wa suna "Mai Sauƙi", wanda maƙeran gari ke ƙerawa. Sunan da kansa darasi ne: an zaɓi kalmar da matar gida za ta gane, ba a ɗora wa murhun sunan Turawa ba. Daga 1989 gwamnati ta fito da tsarin makamashin gida, wanda ya kai ga kafa kasuwannin itace na karkara a 1992, inda ƙauyuka suka sami ikon kula da dazuzzukansu da karɓar wani kaso na haraji.

Abin da za a lura da shi a nan shi ne, samariya ta ba matasa ƙungiya mai faɗi wadda ba a taɓa samun irinta ba, sai dai umurni daga sama yake saukowa. Matashi shi ne mai haƙa rami da ɗaukar ruwa, amma ba shi ke zaɓen irin itacen da za a dasa ko wurin da za a dasa shi ba. Inda babu mai kula da dashen bayan an watse daga biki, da yawa daga cikin itatuwan ba su kan kai damina ta gaba ba.

6.0 Koma-baya da Yunƙurin Ɗalibai (1983–1998)

Kuɗin yuraniyom ne ya ɗauki nauyin manyan ayyukan gwamnati a ƙarshen shekarun 1970. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, Nijar ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Asusun Ba da Lamuni na Duniya daga 1983. A 1986 farashin man fetur ma ya faɗi a kasuwar duniya, sai sha'awar da ƙasashe masu ba da agaji suka nuna wa makamashin rana bayan rikicin mai na 1973 ta yi sanyi. Kayan ONERSOL na da tsada ga talaka, domin daga waje ake shigo da gilashi da ƙarafan da ake ƙera su, kuma ma'aikatun gwamnati ne manyan masu saye. Da aljihun gwamnati ya ƙafe, sai kasuwar ta tsuke. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin da ya rataya a wuyan masani ɗaya da baitulmali ɗaya bai jure wa wannan girgiza ba.

Tsuke bakin aljihun ya taɓa makarantu ma. Ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN, wadda aka kafa a 1960, ta fito zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairu 1990. Jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai uku suka rasu. Wannan lamari ya gaggauta kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya na Janar Ali Saibu. An yi Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu, kuma ƙungiyar ɗalibai na cikin manyan rukunonin da ke da ƙuri'a. A wannan karo matasa sun sami kujera ta gaske, sai dai batutuwan da suka mamaye taron su ne tsarin mulki da laifukan gwamnatocin baya da halin da baitulmali ke ciki.

Abdu Mumuni bai ga wannan taro ba, domin ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991. A 1992 aka sanya wa jami'ar Yamai sunansa, kuma ranar rasuwarsa ce aka keɓe domin bikin makamashi mai sabuntuwa a ƙasar. A 1998 aka mai da ONERSOL cibiyar ƙasa ta makamashin rana, CNES, wadda daga baya ta koma hukumar ANERSOL.

7.0 Zamanin Sauyin Yanayi

Taron duniya na Rio a 1992 ya buɗe sabon babi. Kundin da ya fitar, wato Ajanda 21, ya keɓe babi na 25 ga yara da matasa, inda ya nemi gwamnatoci su riƙa tuntuɓarsu wajen yanke shawara kan muhalli. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar sauyin yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1995, ta kafa majalisar ƙasa ta muhalli, CNEDD, a 1996. Ta tabbatar da yarjejeniyar Kyoto a 2004, da ta Paris a 2016.

Matasa ma sun sake salon tafiyarsu. Maimakon ƙungiya ɗaya ta gwamnati, sai aka sami ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke da alaƙa da takwarorinsu na waje. A 2001 aka kafa ƙungiyar matasa ƴan sa-kai domin muhalli, JVE, a Togo, ta kuma yi reshe a Nijar. A 2006 aka ƙaddamar da gamayyar matasan Afirka kan sauyin yanayi, AYICC, a Nairobi. A 2009 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da matasa a matsayin rukuni mai zaman kansa a tarukan yanayi, mai suna YOUNGO. Ta waɗannan hanyoyi matasan Nijar suka fara halartar manyan taruka, suna wayar da kai a makarantu da gidajen rediyo, suna kuma gabatar da bukatunsu ga hukumomi.

A ɓangaren hukuma, an kafa ANPER a 2013 domin kai wuta karkara, aka yi sabuwar dokar lantarki a 2016, sannan a 2018 aka tsara manufar kai wuta ga kashi 80 cikin 100 na jama'a kafin 2035. A 2018 ɗin aka buɗe tashar sola ta farko mai haɗe da layin ƙasa a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. A jami'ar Abdu Mumuni kuma shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafa wa, yana horar da ɗaliban Afirka ta Yamma a kan sauyin yanayi da makamashi.

Duk da wannan ci gaba, akwai giɓi iri biyu. Na farko, matsayin matasa a irin waɗannan taruka na mai ba da shawara ne. Suna iya magana, amma ba su da ƙuri'a a kan kasafin kuɗi ko farashin wuta ko harajin shigo da kaya. Na biyu shi ne harshe. Da Faransanci ake rubuta takardun manufa kuma da shi ake muhawara, alhali mafi yawan matasan ƙasar Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci suke ji. Ta haka wakilci yakan tsaya a hannun ƴan bokon birni, saurayin da ke ban ruwan albasa a Agadas ko budurwar da ke yini neman itace a karkarar Tawa ba su san ana magana da yawunsu ba.

8.0 Darasin Shekarar 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya kuma ta katse wutar da take ba ta, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da kamfanin NIGELEC ke rabawa. Ba a maido da ita ba sai a watan Maris 2024. A wannan tsakani tashar sola ta Goru Banda mai ƙarfin megawat 30, wadda aka ƙaddamar a farkon Yuli 2023, ta fara aiki, ta rage wa Yamai duhu.

Da yake farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, magidanta da ƴan kasuwa da dama sun koma ga rana da kuɗin aljihunsu. Matasa ne galibi ke sayar da kayan, su ke hawa rufi su kafa su, su ke gyara famfon rijiya da cajin wayoyi. Abin da Abdu Mumuni ya rubuta a 1964 game da dogaro da abin da ƙasa ke da shi, sai ga shi larura ta tabbatar da shi bayan shekara 59.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tarihin matasa da makamashi mai tsabta a Nijar ta matakai huɗu. Ɗaliban FEANF suna da ilimi da ƙungiya, amma suna nesa da gida da mulki. Samariya ta tara jama'a, amma ba ta ba su ta cewa ba. Ɗaliban 1991 sun sami kujera, a lokacin da wasu matsaloli suka sha gaban makamashi. Matasan yau kuwa sun kasu biyu: masu halartar taro da Faransanci, da masu kafa sola da hannunsu, kuma ba safai ɓangarorin ke zama wuri ɗaya ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matashin da ke kafa faifai ya san batirin da ba ya jure zafin Afrilu, ya san abin da harajin kwastan ke ƙara wa farashi, kuma irin wannan sani ne mai tsara manufa ke bukata. Kafin ya isa teburin shawara, dole a sami kalmomin da za a tattauna kilowat da kasafi da doka cikin harsunan ƙasa, a fassara takardun manufa, a kuma watsa su ta rediyon karkara. Wannan aiki na masana harshe ne da ɗalibansu, kuma shi ne rabin da ya rage daga abin da Abdu Mumuni ya faro a 1964.